Baburinka Ya Tashi, Yaya Awudu

Yaya Awudu,

Assalamu alaikum. Na san babu mai kai maka wannan takarda. Ko kana nan ma ba karantawa za ka yi ba, kai da saƙon waya sai an bi ka da masifa kafin ka buɗe. Amma dole in faɗa wa wani, kuma kai ka jawo maganar.

Gida lafiya, alhamdu lillahi. Gwiwar Mma tana nan tana damunta. Kawu Issaka ya sake rufin zaure, kuma har yanzu yana yoyo. Matar Sule ƙaninmu ta haifi namiji, an sa masa sunanka, sai dai ba mai iya kiransa da shi a gaban Mma. Baba Ƙarami muke ce masa.

To ga maganar. Na sayi baburinka.

E, shi, jan nan mai salansa biyu, tsohon ɗan Japan da ya girme ni, wanda kake cewa don tsere aka yi shi, ba don ɗaukar buhun masara ba. Bayan hatsarin Mma ta rantse abin da ya kai ɗanta kabari ba zai ƙara shiga gidanta ba, Kawu ya miƙa shi ga masu sayen tsohon ƙarfe. Sai bara ina wucewa ta unguwar Jisonayili a kan ƙaramin baburina na hango tankinsa cikin tarin ƙarafa, duk ya lotse, kaza tana tsaye a kai. Wallahi ban san lokacin da na taka birki ba. An riga an cire fitila da tayar baya, saura a sassara shi a ɗora a sikeli. Ban yi ciniki ba, ni da ka sani ko tumatir ba na saye sai na ja.

Da Masta Fuseini, abokinka makanike, ya gan shi a kan amalanke, sai ya juya baya ya daɗe yana goge hannu da tsumma. Ya ce in haƙura, ƙarfen jikinsa ya lanƙwashe, kayansa kuma sun ƙare a kasuwa. Na ce to ni dai ba inda za ni. Haka muka fara. Ƙafar gaba sai daga Kumasi aka samo, ta farkon da aka aiko ma ba tasa ba ce. Jikin kuwa da wuta aka riƙa gasa shi ana dannawa kaɗan-kaɗan har ya miƙe. Ni na wanke kafireta da fetur da tsohon burushin haƙori. Duk Lahadi in na rufe shagon ɗinki can nake, Mma tana zaton kayan mutane na je kaiwa. An buge tankin an yi masa fenti, amma na hana a taɓa ɗan ramin gefen hagu, wanda gwiwarka ta yi ranar da ka kauce wa akuyar Hajiya maƙwabciyarmu.

Ban taɓa gaya maka ba, kana raye na tsani babur ɗin nan. Kullum kana wanke shi kamar jariri, ni kuwa ko madubinsa ban isa in taɓa ba. Kuma ban taɓa gaya maka ba, ranakun da kake sauke ni a ƙofar makaranta, a hankali nake sauka don 'yan ajinmu su gama gani. Yaya za a yi in faɗa? Da ka yi mini dariya har Sallah.

Watan jiya babur ɗin ya tashi. Masta ya buga kik, ya yi tari, ya fesa shuɗin hayaƙi, sai ga ƙarar nan taka. Na zauna a kan tsohuwar taya na sha kuka, ban ji kunyar kowa ba. Daga baya Masta ya koya mini hawansa. Ya ce injin ya tsufa, in na rage gudu zan sha kwana sai in ɗan murɗa totur sau biyu, in ba haka ba ya mutu mini a tsakiyar titi.

Yaya, ka ji? Sau biyu! Shekara da shekaru Mma tana yi mana gori, wai kai kaɗai ne ɗan da ke yi mata sallama tun daga kwanar masallaci, da ta ji ka murɗa sau biyu sai ta tashi ta ɗora miya. Ashe inji kake lallaɓawa! Ka yi shiru abinka kana kwasar albarka, mu muna shan faɗa. Ko dai da farko don injin ne, daga baya ya koma don ita? Ba zan gaya mata ba, ka kwantar da hankalinka.

Ban taɓa nufin ta gan shi ba. A wurin Masta na yi niyyar ya zauna. Amma ranar Asabar aka ce za ta je suna Sagnarigu, sai na ce bari in zaga da shi unguwarmu Sabonjida sau ɗaya ya ga layinsu. Ban san gwiwa ta hana ta tafiya ba. Na iso kwanar masallaci, na rage gudu, hannuna ya yi abin da aka koya masa.

Ta fito, Yaya. Ba takalmi, ba mayafi, da ludayi a hannu, matar da sai an kama ta take tashi daga tabarma. Fuskar da ta fito da ita, rabon da in gan ta tun kana nan. Sai ta ga ni ce nake cire hular kwano. Ina kallo fuskar nan ta gushe, kuma ni na jawo. Ba ta zage ni ba, da ma ta zaga. Ta juya ta shiga gida tana dafa bango.

Ta yi kwanaki ba ta amsa gaisuwata sai da ka. Raina ya ɓaci da kaina ƙwarai. Na ce wa Masta ya nemo mai saye daga nesa, garin Bolga ko na Wa, inda ba za ta ƙara ji ba. Ya samo wani.

Jiya ina shanya ta kira ni ɗakinta, ta tambaya ko an tafi da shi. Na ce sai jibi. Ta daɗe tana murza bakin zanenta. Sannan ta ce kafin a tafi da shi in zo da shi yau, daidai lokacin da kake dawowa, in bi ta kwanar masallaci in yi yadda na yi. Ta ce ba za ta fito ba. Abu ɗaya ta roƙe ni, in na kashe injin a ƙofar gida kada in yi saurin shigowa, in ɗan tsaya a waje.

Na ce to. Ban sani ba ko magani zan ba ta ko ciwon zan fama, kuma ba ni da wanda zan tambaya. Kai da ka fi mu saninta, har yaushe zan tsaya? Rana ta fara sanyi, yanzu zan je in ɗauko shi. Ina ganin zan tsaya a ƙofar har sai ta kira sunana.

Allah ya haskaka kabarinka, ya sa ka huta. Sai mun zo.

Ƙanwarka mai taurin kai,
Memuna