Buhu Gwangwani Arba'in

Mombasa, ranar Lahadi

Naliaka 'yata,

Ina gaishe ki. Yaya ƙafar kakarki? Saniyar ta haihu? Ni lafiya lau, ruwan wanki ne kawai ya tsattsaga min hannu.

Malaminku Barasa ya kira ni a waya kan jarrabawar gwaji. An tambaye ku buhun masara mai kilo casa'in zai cika leda nawa mai cin giram ɗari biyar, kika rubuta arba'in. Yana dariya ya ce, "Mama, 'yarki da gwangwanin kasuwa take awo!" Ni ban yi dariya ba. A bakina kika ji buhu gwangwani arba'in ne.

Ya ce ki fara mayar da kilo giram, kowanne dubu, sannan ki raba. Ni da na koyi rubutu da furfura na gwada a kwalin sabulu, na samu ɗari da tamanin.

Saura mako biyar a yi babbar jarrabawa. Kawunki ya ce in kika faɗi, nan zai turo ki aikatau. Uwar ɗakina har ta tambaya ko kin iya guga. Na ce ba ki iya ba. Don Allah, 'yata, kada ki zo ki koya.

Allah ya ba ki sa'a.

Mahaifiyarki,
Khasandi