Keken da Ke Shan Nono

Durba, ranar Asabar

Zuwa ga Iyata, mai sunan mahaifiyata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da jikokina, da fama da aikin asibiti. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Babarku Hadiza tana gaishe ki. Kada ki ce don me ban kira ki a waya ba. Kin san masaba ta cinye mini kunne a maƙera, a waya sai in yi ta cewa na'am alhali ban ji komai ba. Takarda kuwa ba ta raɗa.

Keken da kika aiko ya iso. Allah ya yi miki albarka, ya sa naki su yi miki fiye da haka. Na zagaya gari da shi har ƙofar mutanen da ba ni da abin faɗa musu.

Na san dalilin kyautar. An ba ki labarin ƙayar aduwa da ta sace mini taya a hanyar Madachi, na turo tsohon kekena cikin rana, na dawo na kwanta jinya. Abin da ba a gaya miki ba, yayanki Shamsuddeen ya ƙera ƙugiya da hannunsa ya kafa a zaure. Ya ce ran da keke ya ƙara yar da ni, a nan za a rataye shi, in ina son ganin Manu in jira ya samu sarari ya kai ni a babur. Yaushe mai maƙera da gona zai samu sarari? Manu kuwa, Bafillacen nan abokin wasana tun muna samari, tun da ɓarin jikinsa ya shanye ba ya fita. Kowace Alhamis a kan tabarma nake samunsa a Madachi, idonsa a hanya. Ban taɓa ce masa ina ƙaunarsa ba, zaginsa nake zuwa yi, amma ke na gaya miki.

To ga inda na yi ɓarna. Kin ce tayar ba ta da tub, ƙaya ba ta iya mata. Na kwana ina juya maganar. Taya babu tub, me ke riƙe iskar? Na ce mai shagon nan na Kano ya ga mace ya cuce ta. Da safe na sa ƙarfe na ɓamɓare tayar baya don in gani da idona. Sai ga wani farin ruwa ya tsiyayo mini a ƙafa. Babarku ta leƙo, ta riƙe haɓa, ta ce wa ya zuba nono a keke.

Tub dai babu, kin yi gaskiya. Yanzu iskar ma babu. Na buga famfo har kafaɗata ta ƙage, ina turawa tana fita ta gefen rim. Garin neman gira na rasa ido. Shamsuddeen ya dubi keken, ya dubi ƙugiya, ya wuce. Ki gaya mini yadda ake yi, Iya, kafin a rataye ni tare da shi.

Ni ne mahaifinki,
Badamasi Maƙeri

Durba, ranar Lahadi

Zuwa ga Iyata,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina yara? Allah ya sa zazzaɓin ƙaramin ya sauka. Takardarki ta zo hannuna tare da gorar farin ruwan da ɗan makullin bawul. Na ga inda kika rubuta cewa kin yi dariya har hawaye. Ba komai, uwa ce ke, ki dara.

Na gane bayanin. Farin ruwan gam ne, shi ke toshe hujin ƙaya. Ita kuma tayar ba ta son iskar kaɗan-kaɗan, sai an banka mata gaba ɗaya ta firgita ta kama bakin rim. Da kin san abin da na yi kafin amsarki ta iso, da dariyar ta fi haka. Na ce wa zai koya wa maƙeri iska? Na sa aka ɗauko zugazugi, na ɗaura bakinsa a bawul, na zauna ina zuga kamar zan narka garma. Tayar ta yi ta numfashi kamar tsohuwar akuya, ba ta tashi ba. Babarku ta tambaye ni ko ta kawo gawayi.

Kin ce in ba a samu tulun iska na masu keke ba, famfon feshi mai tulu zai yi, wanda ake bugawa ta sama ya tara iska. Namu na goyo ne, ba ya tarawa. Na bi maƙwabta, duk irin namu.

Wani abu kuma ya tsaya mini a rai. Kin ja layi a ƙarƙashin cewa sai an ji tayar ta ce ɗas, ta ƙara cewa ɗas, sannan ta zauna. Iya, ni da ladan ma sai na ga mutane sun miƙe nake sanin ya kira? Ina zan ji ɗas?

Alhamis ta wuce ban je Madachi ba. Na wuni a zaure ƙarƙashin ƙugiya, abinci ma bai shiga ba. Na roƙi Shamsuddeen in ya je kasuwar Rano ya biya ya gaya wa Manu ba mutuwa na yi ba, kada ya yi murna. Ya amsa a daƙile, amma ya amsa.

Ki sa ni a addu'a. Ki gaida maigidan.

Mahaifinki,
Badamasi

Durba, ranar Juma'a

Zuwa ga Iyata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun tashi lafiya. Ki yi haƙuri da gajeriyar gaisuwa, labari ne ke cina.

Shamsuddeen ya biya Madachi. Ya dawo jikinsa a sanyaye, da tulun feshi ɗaure a bayan babur. Ya ce ya tarar an shimfiɗa tabarma biyu a inuwa, ɗaya babu kowa, an ce tun Alhamis Manu ya hana a naɗe ta. Da ya ji abin da ake nema, sai ya sa aka ɗauko tulun da suke fesa wa shanu maganin kaska. Ya ce a gaya wa bawansa maƙeri, abin da ke shan nono ba ya jin maganar mai gawayi, sai an haɗa da kayan Fulani.

Babarku ta wanke tulun tas, ta kaɗa kumfar sabulu ta shafe bakin tayar. Na zare ƙwayar bawul da makullinki. Shamsuddeen, mai ƙugiya da kansa, ya cire kan feshin, ya cusa tiyo a bawul ya ɗaure da roba. Na lanƙwasa tiyon na danne da awartakina, shi kuma ya yi ta buga tulun har gumi ya jiƙa masa riga. Na ce masa in ta yi ƙarar ya ɗaga mini hannu. Na yi bisimilla, na saki awartaki.

Iya, na ji. Kafin ya ɗaga hannu na ji. Ɗas, sannan ɗas, tsaf a kunnena, kaji suka watse. Rabon da wata ƙara ta shigo mini haka tun ina dukan ƙarfe. Na zauna a ƙasa ina dariya, ban san hawaye na zuba ba sai da babarku ta miƙo mini bakin zanenta. Na ce a sace iskar a sake in ƙara ji, suka hana ni.

Muka ɗura gam ta bawul, muka mayar da ƙwayar, na cika da ɗan famfona, na juya ƙafar keken yadda kika ce.

Jiya na je Madachi a kan kekena. Da na sauka sai ga ƙaya a tayar baya, ta aduwa, mai tsawo. Na tura keken gaban Manu na zare ta. Wani ɗigon fari ya fito, ya tsaya, iska ba ta bi shi ba. Manu ya miƙa hannunsa mai lafiya ya dangwala, ya shinshina, ya ce wannan nonon birni ne, an surka shi. Ya yi dariya da rabin bakinsa har ya ƙware. Ya ce tun da keken jininsa nono ne, ɗan'uwansu ne, aro ya ba ni, in riƙa kawo masa shi duk Alhamis ya duba lafiyarsa. Na ce to, ai dole bawa ya bi ubangidansa. Yau ɗaya na bar shi ya ci ni.

Na dawo kafin la'asar ta yi sanyi. Na tarar da yayanki a zaure, ya tsuguna ya matsa tayar da yatsa, ya ji ta tam. Ya miƙe ya karɓi hulata, ya rataye ta a ƙugiyar.

Allah ya yi miki albarka, Iya. Ki gaida kowa.

Mahaifinki mai alfahari da ke,
Badamasi Maƙeri