Fitilar da Na Haɗa wa Baba

Zuwa ga Yayana,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Anti da yara. Ya aiki, ya kewar gida?

Ka tambayi jikin Baba. Yana nan yadda ka bar shi. Ɓarin dama bai dawo ba, baki ma haka, sai ido. Matsalarmu ita ce kira: in yana son ruwa ko juyi, babu yadda za mu sani.

Shi ya sa na kwaso kayan da nake koya wa 'yan ajina kimiyya da su. Batir biyu, ƙwan tocila, da ɗan injin da na ciro daga motar wasan yara. Makunnin na yi shi da abin maƙale shanya da ƙusa biyu, na ɗaure a gefen gado inda yatsansa na hagu ke kaiwa. Na ja waya ta saman ƙofa har kicin. In ya matsa, fitila ta kama, injin ya riƙa kaɗa cokali a jikin gwangwani. Da na gwada bai yi ba, ashe na juya batir ɗaya. Baba, da ya shekara talatin yana gyaran rediyo, ya yi ta kallon hannuna har na gano.

Yanzu yakan kira sau goma a wuni. Wani lokaci ba ya son komai. Nakan tsaya, in gyara matashi, in fita. Inna ta ce tsoho ya samu abin wasa.

Ƙanwarka,
Auta

Yayana,

Ina gaishe ka. Ya haƙuri? Da fatan ka koma lafiya bayan addu'ar bakwai.

Akwai abin da ban faɗa maka ba a cikin mutane. Ranar Talatar da Baba ya rasu, da na dawo daga makaranta da azahar, kicin na fara shiga. Fitilar na kunne, ta yi ja saboda batir ya kusa ƙarewa. Cokalin ya faɗi ƙasa, injin yana juyawa shi kaɗai ba ƙara. Inna tana bayan gida tana wanki tun hantsi.

Likita ya ce mai yiwuwa hannunsa ne ya faɗa a kan makunnin bayan rai ya fita. Mai yiwuwa. Na cire batir kafin in kira Inna, kuma har yau ba ta sani ba.

Ban yi kuka ba, Yaya. Ina ci, ina barci. Jiya na koma aiki, muka haɗa fanka da kwali, yara suka yi ta tafi da ta juya. Na ba su maki.

Na so kwance wayar, Inna ta ce in bari, tana da ƙwari. Tsummokaran kicin take shanyawa a kai.

Ka gaida Anti.

Ƙanwarka,
Auta