Agogon Hadi Yana Hannuna

Assalamu alaikum Yaya Ma'azu. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata saƙon nan zai same ka lafiya kai da iyali gaba ɗaya. Ya ƙafar taka? Allah ya sa kana shan maganin, ba ka ajiye shi a bakin taga kana kallonsa kamar yadda ka saba ba. Allah ya ƙara sauƙi, ya ja kwana. Ka yi haƙuri da rubutuna, a waya nake dannawa da yatsa ɗaya. Surayya ta ce in yi magana kawai in tura maka murya, na ce a'a, bangon gidan nan kamar takarda yake, kuma abin da zan faɗa ba na so a ji.

Mu dai alhamdulillahi. Autata Surayya ta samu ƙarfi, jaririya sai ƙiba take yi, hancinta irin namu ne. Wankan jego a ƙasar Sin sai wanda ya gani, Yaya. Ba murhu, ba ganyen darbejiya, da butar lantarki nake dafa ruwa ina tarawa a bokiti, a wani bene can kusa da girgije. Kanwar da na zo da ita ta kusa ƙarewa. Unguwar tasu, Shawbe, cike take da 'yan gida, in ka sauka ƙasa sai ka ji ana ciniki da Hausa kamar a Kwari. Ni ma na iya kalma biyu a yaren Sin. Loban shi ne maigida, meyo kuma babu.

To ga abin da ya sa na rubuto. A kan mijin Surayya ne, ka san ba na kama sunansa. Ka tuna Hadi, abokin aikinsa ɗan Kurna, da suke tura kaya gida tare? Wanda ya rasu kafin in zo, ya bar matarsa Fasuma da yara a Kano? A tashar jirgin ruwa ta Nansha ya yanke jiki ya faɗi ana loda kwantena. Surukin nawa shi ya kai shi asibiti, a hannunsa ya cika. Da za a tafi da gawar sai ya kwance agogon da ke hannun marigayin, don kar ya ɓata ya ɗaura a nasa hannun. Yaya, tun ranar bai cire ba.

Ba agogo irin naka na Sabon Gari ba ne. Wani ƙato ne na ƙarfe mai baƙar fuska, da zobe a bakinsa mai juyawa yana ƙas ƙas. Wai na masu nutso ƙarƙashin teku ne. Surayya ta nuna min fim ɗin da ya haukata mijinta da abokansa a kansa, wani Bature ɗan leƙen asiri, ya shiga teku da kwat, ya kashe mutane, ya fito ya duba agogonsa ko gumi bai yi ba. Shi ke nan fa, manyan mutane da gemu suke tara irinsa. Suna da wata majalisa ta masu tara agogo a wani ɗakin shan shayi wajen Janshi, kusa da tashar jirgin ƙasa. Mun taɓa bi ta wurin da za mu sayi takalma, na leƙa. Na ga agoguna a akwatin gilashi, akwatin yana jujjuya su da kansa a hankali kamar ana rarrashin jariri, ba kowa a kusa. Tsigar jikina ta tashi. Ashe irin wannan agogon ba shi da batir, motsin hannun mai shi yake ci. In aka ajiye shi kwana biyu sai ya tsaya. Cikinsu ko mai iyo a kududdufi babu, amma in ka ji suna zancen zurfin teku sai ka ce Sarkawa ne. Kuma wai sun fi son wanda ya ƙarce, wanda wani ya daɗe da shi a jiki. Akwai wani loban ɗan Sin da ya dinga bin surukin nawa ya sayar masa, don ya ji labarin agogon bai taɓa tsayawa ba tun daga hannun mamaci. Shi kuma kullum meyo.

Da fari na ɗauka zafin rashi ne. Amma Hadi a kan lokacin Kano ya saita agogon, wai don ya san sa'ad da yaransa ke tashi daga makaranta, shi kuma wannan ya ƙi gyarawa. Sai ya fara bin lokacin. A kawo abinci ya ce bai ji yunwa ba, can kuma a wani irin lokaci ya nemi koko da ƙosai. Wata rana da rana tsaka, ina shanya kayan jaririya, ya fito ya yi alwala ya tayar da sallah a bayyane, raka'a biyu. Surayya ta tambaye shi wace sallah ce wannan, ya kalle ta da mamaki wai asuba mana. Ko yana zaune shiru hannun nan na kaɗawa. Jaririya in ya ɗauke ta sai ta ƙanƙame jiki ta tsala ihu. Abin da ya tsinka min zuciya, ran Juma'ar da ta wuce yana neman hularsa ya kira Surayya da Fasuma, har sau biyu, kuma bai san ya yi ba. Yarinyar nan ta shigo ɗakina da ɗanyen jiki tana kuka, ta ce Inna wannan ba mijina ba ne.

Ka san tsakanina da shi. Tun da na zo, in ya shigo falo ni na shige ɗaki. Daga bakin ƙofa yake durƙusawa ya gaishe ni, in amsa ina kallon bango. Ko ruwa ban taɓa sha a gabansa ba. Na aika Surayya ta yi masa magana, bai cire ba. Na ce a kira limamin da ke jan su sallah, ya zo ya yi nasiha ya tafi, ba abin da ya canza. Sai na ajiye kunya, Yaya, Allah ya yafe min. Na zauna a falo na ƙi tashi, ya shigo ya gan ni ya rasa inda zai sa kansa. Na dube shi ido da ido na ce abin da ke hannunsa dukiyar marayu ce, ba a raba gado ba, kuma da shi yake tsayawa gaban Allah. Ya durƙusa ya fashe da kuka. Ya ce ya sani. Wai ya taɓa ajiye shi a kan tebur yana kallon ɗan tsinken nan na zagayawa, sai ya ji numfashinsa na yin sama, ya yi maza ya mayar. Wai motsin Hadi na ƙarshe yana ciki, in ya tsaya a hannunsa kamar ya sake mutuwa ne a gabansa. Ya ce zai bayar, amma sai in ni zan ɗaura shi a hannuna har Kano, in miƙa wa babban ɗan Hadi agogon yana tafiya, bai tsaya ba. Suruki ya roƙe ni yana kuka, me zan ce? A raina na ce yana juya baya zan cusa shi cikin akwati tsakanin zannuwa, ya tsaya ya huta. Ya ajiye a kan darduma, na ɗauka.

Shi kam ya warware. Yana cin abinci da mu, yana barci, jiya jaririya har barci ta yi a kafaɗarsa. Surayya sai godiya take min. Ita ba ta sani ba, ban sa shi a akwatin ba. Kullum sai in ce bayan la'asar. Ya yi min yawa, na tura shi can saman hannu na ɗaure da tsumma. In na ja hijabi na rufe kaina zan yi lazimi, sai in ga fuskarsa tana wani haske kore a ciki. Ina jan carbi in ga hannun yana kaɗawa, ni ban sa shi ba. Ɗazu ina dama kunu gabana ya faɗi, na ce yara sun tashi daga makaranta ba wanda ya je ɗauko su. Wane yara? Nawa duk sun yi aure.

Don haka nake roƙonka, Yaya. Da Surayya ta yi arba'in zan taho, za ta turo maka ranar. Ka zo filin jirgi da kanka ko da sanda ne, ka taho da Malam Tankari yayan marigayin. Ku kwance agogon daga hannuna tun a mota. Kar a ɗaura wa yaron nan, na san na yi alkawari, ni zan ɗauki nauyinsa. A sa shi a kwano a rufe ya tsaya, har malamai su raba gado. In na ce maka a bari sai mun isa gida, ko sai gobe, ko na yi maka kuka, kar ka saurare ni. Kai ne babba, ka riƙe hannun ka cire.

Ka gaishe min da Yaya Rukayya, ka ce mayafinta na saya. Ina gaida Inna ta Gwammaja, da Mas'udu da amaryarsa, da duk 'yan gida manya da yara. In ka je wajen Malam Tankari ka leƙa ka yi wa Fasuma ta'aziyya, ka shafa min kan Salihu da ƙaramar, Mero, ka tambaya ko tarin nata ya yi sauƙi, kar su bar ta tana kwana a gaban fanka. Yaya, na tsaya na karanta abin da na rubuta yanzu. Ni ba wanda ya taɓa gaya min sunan yaran nan.

A sa ni a addu'a.

Ƙanwarka,
Wasilatu