Na Sa Ƙanwata Ta Sayar da Hannun Jarin Marainiya

Assalamu alaikum Anti. Don Allah ki taimake ni da shawara. Wata biyu ke nan abin nan yana cina, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa a gida, domin duk wanda ya ji, maganar za ta koma kunnen wadda nake ɓoye wa.

Ni mai sayar da katin waya ce. Shekara goma sha huɗu ina zama da tebur da laima a bakin ƙofar wani asibiti. Karatuna na allo ne, bokona bai yi nisa ba, amma lissafin kati ba ya ɓace mini. A da, kafin la'asar na sayar da bandir uku, idan zan tashi sai na share katunan da aka kankare aka yar, su cika ƙaramin kwali. Daga baya abin ya dinga ja da baya. Bara har bandir ɗaya yakan yi mini kwana biyar, tsintsiyar ma na daina zuwa da ita.

Ina da ƙanwa, uwa ɗaya uba ɗaya, malamar firamare ce. Mijinta, Allah ya ji ƙansa, ma'aikacin wani kamfanin waya ne, cikin masu hawa turakun sabis su yi gyara. Lokacin da kamfanin ya sayar wa ma'aikatansa hannun jari ya saya, ana cira kaɗan-kaɗan a albashinsa. Ya rasu ya bar 'ya ɗaya. Da aka raba gado takardun suka faɗo a kason yarinyar, uwarta ke riƙe mata. Tun yana raye ya sha faɗa cewa wannan na karatun yarinyar ne, tana son ta karanci haɗa magunguna.

A gidanmu ni ake tambaya duk abin da ya shafi waya. Ƙanwata har tsokanata take yi, wai ni ce ministar sadarwa ta gidan. Wata rana ta biyo ta wajena daga makaranta, ta zauna a bencina, ta ga tun safe kati huɗu na sayar. Sai na ce mata, kin ga yadda kamfanin nan da mijinki ya yi wa aiki ke mutuwa a tsaye? Na ce katinsa ne ya fi kwantai a teburina, mu da muke bakin titi mu muke fara ganin abu kafin na ofis su gani. Na ce dukiyar marainiya ce a hannunki, ki fitar da ita tun tana da daraja. Ba ta yi mini musu ba. Cewa kawai ta yi, tunda Yaya ta faɗa ai shi ke nan. Cikin mako biyu ta je wajen dillali ta sayar duka, ta zuba kuɗin a banki.

Wallahi Anti, tsoron Allah ne ya sa na yi magana. Na ji tsoron in ga abu in yi shiru.

Bayan wata tara, wani akawun asibitin, tsohon mai sayen katina wanda yanzu gaisawa kawai muke yi, ya tsaya yana karanta wani abu a wayarsa. Ya ce kamfanin ya fitar da rahoton shekara, ribarsa ta ƙaru sosai, abin da zai raba wa masu hannun jari ya fi na bara, farashin hannun jarin kuma ya kusa ninkawa. Na ce ta yaya, alhali ba mai sayen kati? Ya yi dariya ya ce, Hajiya, sau uku na sayi data a makon nan ban taɓa takarda ba, daga banki take shigowa. Ya nuna mini layin masu jiran ganin likita, kowa kansa a sunkuye kan waya. Kullum a gabana suke. Ina zaune ina ƙirga katin da ban sayar ba, ban taɓa ƙirga su ba.

Har yau ƙanwata ba ta sani ba, ba ta bin irin waɗannan labarai. Kullum godiya take yi mini, har a gaban dangin mijinta ta ce Yaya ce ta tsamo su. Kuɗin yana nan a banki, kayan masarufi suna tashi suna barinsa a baya, yarinyar kuma saura shekara biyu ta gama sakandare. Na fito da 'yan kunnen zinarina na kai an auna, ko rabin giɓin ba za su cike ba. Na yi tunanin in sayar in zuba mata a asusu ba tare da ta san daga ina ba, sai na ga kamar ƙarya ce a kan kuskure.

Yanzu kuma ta zo da sabuwa. Wani ƙaramin kamfanin waya zai sayar da hannun jari, ta ce in duba mata, ƙarshen wata za ta dawo jin amsa. Anti, akwai biya a kaina? In faɗa mata, ko in lallaɓa in ce kada ta saya kawai? Ina tsoron haƙƙin marainiya, ina kuma tsoron ranar da ƙanwata za ta daina kallona yadda take kallona.

Mai Laima

AMSA

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Ki faɗa mata, kuma kafin ƙarshen watan. Rahoton kamfani ba asiri ba ne. Cikin dangin mijinta ko abokan aikinsa wani zai yi zancen a gabanta, kuma jin sa daga bakinki ya fi mata sauƙi nesa ba kusa ba. Kuskuren shawara ana yafe shi da wuri. Watanni na karɓar godiyar da kika san ba ki cancanta ba, shi ne zai yi mata ciwo.

Laifinki ɗaya ne: kin faɗi zato da muryar tabbas, ga wadda ba ta iya yi miki musu. Amma ba ki ci ko sisi ba, ba ki yi nufin cuta ba, ita ma da take riƙe da amanar ya kamata ta ƙara tambaya kafin ta sa hannu. A fahimtata babu biya a kan mai nasiha da zuciya ɗaya, sai dai ki kai maganar gaban malamin da ya san hukuncin dukiya don ranki ya kwanta. 'Yan kunnenki ki mayar da su ma'ajiyarsu. Idan kina son taimaka wa yarinyar, ki yi a fili ranar da za ta shiga jami'a, a matsayinki na yayar uwarta.

Tsoronki ma ba shirme ba ne, ma'aunin ne bai dace ba. Irin waɗannan kamfanoni yanzu a data da tura kuɗi ta waya suke samu, amma suna kashe kuɗi mai yawa a man janareton turaku da kayan aiki da ake saye da kuɗin waje, wasu kuma bashi ya yi musu katutu. Shekarar riba takan biyo da ta asara, ƙananan cikinsu kuma su suka fi jin jiki. Don haka kada nadama ta tura ku sake saye da tsada don a huce, kada kuma ki ce mata e ko a'a a kan sabon kamfanin. Ku je tare wajen dillali mai lasisi, ya nuna muku ribar shekara biyar, da yawan bashi, da ko ana rabon riba a kai a kai. Abin da yarinyar za ta buƙata nan da shekara biyu a ware shi inda ba ya hawa da sauka.

Za ta iya yin fushi na 'yan kwanaki, ki ba ta wannan damar. Idan ta sake kiran ki minista, ki ce mata kin ajiye muƙamin, Yaya kawai ta rage. Allah ya sanyaya zukatanku, ya yi wa marainiyar nan albarka a karatunta.