Ƙarangiya a Safar Serah

Bulumkutu, Maiduguri

Zuwa ga aminina Othniel,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Yaya Maman Serah da yara? Yaya gwiwar taka?

Mutane da yawa suna zaton ƙwayar cutar bairas fasa ƙwayar halittar jiki take yi da ƙarfi, ta shiga duk inda ta ga dama. Ni ma shekara goma sha ɗaya haka nake koyarwa, daga tsohon littafina na kwaleji.

Ka tambaye ni a coci dalilin da Serah ta daina zuwa makaranta, na ce ban sani ba. Na sani.

Da kajinku suka mutu, ta tambaye ni a aji: in bairas ko'ina take shiga, me ya sa awakin da ke kwana da kajin ba su kamu ba? Ba ni da amsa. Maimakon in faɗi haka, sai na ce nan aji ne, ba akurki ba. Yara suka kwashe da dariya, suka laƙaba mata Mai Kaji. Ni da na riƙe ta ranar baftismarta.

Na koma na yi karatu. A fatar kowace ƙwayar halitta akwai wasu sinadarai iri-iri da ake kira furotin, kuma sai bairas ta sami wanda ya dace da ita take kamawa ta shige. Na kaza daban, na akuya daban. Fitarta daga ƙwayar halittar ma ba kyauta ba ce: akwai furotin da ke riƙe sababbin bairas kada su yaɗu, sai masu dabarar tsinkewa ke kuɓuta. Tambayar yarinyar nan ta fi darasina.

Sau biyu keke napep yana sauke ni a bakin layinku a Moduganari, ina juyawa.

Ranar Litinin zan faɗa wa ajin cewa ni ne na yi kure. Ina roƙonka ka sa Serah ta zo. In ta ƙi, ban ga laifinta ba, kuma zan faɗa ko kujerarta babu kowa.

Kafin nan, ku tsinko ƙarangiya a bayan gida. Ku jefa ta a kan leda, ku jefa a kan safarta ta makaranta, ku ga inda za ta kama. Sannan ku gwada cire ta. Haka bairas take da ƙwayar halitta. Amsar da na hana ta ke nan. Ka bari Serah ta jefa da kanta.

Ka gaida gida.

Naka cikin kunya,
Elnathan