Ƙarfen Motar Yaya

Baba,

Ka gafarce ni da na yi ƙarfin halin rubuto maka kai tsaye. Yaya ƙafar Inna, yaya su Auta? Ni lafiya lau, sai dai sanyi, kuma na fara sabawa da cin abinci ni kaɗai.

Malamarmu ta nuna mana ƙarfen sababbin motoci a madubin ƙara girma. Baba, ashe iri biyu ne a haɗe! Mai tauri ya watsu cikin mai taushi kamar tsakuwa a kwaɓin siminti. Ta ce gasa shi ake yi daidai gwargwado, a sanyaya da sauri. In aka sake sa masa wuta, tsakuwar takan yi laushi, ƙarfinsa ya ragu, ido kuma ba ya gani.

Inna ta ce motar Yaya ta lotse, za ka miƙe ta da wuta a garejinka. Wane ni in yi maka gyara! Amma shin sautin guduma yakan canza inda wuta ta taɓa? Don Allah ka duba kafin Yaya ya ɗauki fasinja.

In ban yi rashin kunya ba, ka yarda in sake rubutowa?

'Yarka